Ƙaguwa ce ta kai ka Amurka?

Hoto ɗaya na tura zauren danginmu na WhatsApp, ina tsaye cikin taɓo har gwiwa da ƙaguwa a hannu, har yau ban huta ba. Yaya Babba ne ya fara: "To Alhaji, ƙaguwa ce ta kai ka Amurka?" Da na ce aikin sa kai ne, ko sisi ba a biya, sai wasan ya koma faɗa.

Wata maƙwabciyata ce ta shigar da ni. Nan jihar Washinton, daga Afrilu zuwa Satumba, masu sa kai kan fita sau ɗaya a wata idan ruwan teku ya janye. Mu ɗana tarko da guntun kifi, washegari mu koma mu ƙirga abin da ya shiga, mu rubuta. Koriyar ƙaguwar Turai muke nema. A 1989 aka fara ganinta a San Faransisko, a 2016 ta ɓulla a tsibirin San Juwan da ke nan jihar Washinton. Tana cinye ƙananan halittu masu ƙwanso, ta tone ciyawar ruwan da 'ya'yan kifi ke fakewa ciki. Ɓarnar ta kai har Gwamna Jay Inslee ya ayyana dokar ta-ɓaci a 2022. Launinta yaudara ne, wata ja-ja ce. Ƙayoyi biyar a gefen kowane ido, su ne shaida. Yanzu da kallo ɗaya nake gane ta, Turawan ma ni suke miƙo wa in duba. Wallahi abin yana min daɗi, don a wurin aikina sunana ma ba su iya faɗa ba.

Abin da ya ƙona min rai, Yaya ya san ciyawar kacalla. Tare muka ga yadda ta toshe hanyoyin ruwan Haɗeja da Nguru, Baba yana shiga da lauje tun asuba, ya fito ƙafafu duk tsaga. Wa ya biya shi? Da an samu masu lura tun tana 'yar kaɗan, da gonarmu ta fadama ba ta tafi ba.

Inna ba ta sa baki a zauren ba. Da daddare ta kira, ta tambaya ko ruwan da sanyi, ko na ci abinci. Can sai ta ce, "Yayanka kuɗin makarantar yara ne ya sha masa kai, ka yi haƙuri da bakinsa." Na tura masa kuɗin ranar Juma'a. Bai ce ya gani ba tukuna.