Nazire a tsakar gida: inda nake rage kuɗi da inda bana taɓawa

Tambayar da aka fi yi min tunda na buɗe 'yar makarantar ƙanana a gidanmu nan Pantami cikin garin Gombe ita ce wai ya nake yi da ɗan kuɗin da nake karɓa, ko dai sadaka nake? Ba sadaka bace wallahi, sana'a ce, ina cin abinci da ita. Kawai dai yawancin abin da iyaye ke biya a manyan nazire ba yaron ne ke morarsa ba, ni kuma shi na cire.

Babu yunifom, yaro ya zo da kayansa na gida in dai wankakku ne. Babu bikin yaye ɗalibai, don ban ga dalilin da za a sa uwa ta ci bashi ta yi hayar riga da hular digiri saboda ɗan shekara huɗu ba, ga kuɗin hoto ga na abinci. Mota ma babu, kuma bana ɗaukar yaron da gidansu ya fi ƙarfin tafiyar ƙafa, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Napep kaɗai zuwa da dawowa sai ya fi kuɗin makarantar. Biya kuwa sati-sati ne. Mai tuyar ƙosai ko matar ɗan acaɓa bata da kuɗin zango a dunƙule amma ranar Litinin zata iya kawo na sati, wasu su turo ta waya wasu su ƙullo a gefen mayafi, duk ɗaya ne ina rubutawa a littafi.

Rigimar da na fi sha da iyaye ta turanci ce da rubutu. Uwa zata zo tace Anti har yanzu Abba bai fara turanci ba, ɗan maƙwabtanmu har wakar turanci yake yi, kuma jakarsa cike da littattafai. Sai nace mata Maman Abba je ki tambayi yaron ma'anar waƙar tukuna. Ɗan shekara uku yatsunsa basu gama ƙwari ba, a tilasta masa cika shafi da A B C yana kuka, me aka yi kenan? A nan ƙirga muke da murafan lemo da ƙwallon dabino, su zana baƙi a kan yashi da yatsa, su yi ginin laka, in basu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi in tsaya a tsakiya ince to me kuke gani zai faru, sai kaji surutu ya ɓarke har wanda baya magana sai ya sa baki. Addu'ar cin abinci da ta shiga banɗaki, gaisuwa, jiran layi, duk karatu ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ma cewa tayi a koyar da 'yan wannan matakin da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Kuma a Gombe fa akwai yaran da a gida Fulatanci ake musu ko Teranci ko Tangale, Hausar ma a nan suke ƙarasa ta, to ina dalilin gaggawa. Turancin muna yi, kaɗan-kaɗan, sunayen abubuwa da launuka.

Amma akwai inda in kika yi rowa kin cuci 'ya'yan mutane. Ruwa na farko, ko nawa 'yan garuwa suka ce sai na saya, don buta da sabulu basa yankewa a bakin banɗaki, fo kuma ana gama amfani da shi ake wankewa, da damina amai da gudawa baya sallama. Rijiya da murfi da kwaɗo. Murhu da risho can nesa. Watan Maris da Afrilu da zafin Gombe ke kaiwa digiri 40 bana tara su a ɗaki, tabarma muke shimfiɗawa a rumfa kuma mu tashi da wuri, lokacin ne ma na ƙyanda da sanƙarau, shi yasa bana karɓar yaro sai na ga katin rigakafinsa, wanda ya tashi da zazzaɓi kuma ya zauna gida ko uwar zata yi fushi.

Sai mataimakiya. Mutum ɗaya ba zai iya ba, kina kai wannan fitsari wancan ya haye katanga. Tawa takardar shaidar malanta ta NCE gare ta daga kwalejin ilimi ta tarayya (FCE) ta nan Gombe, bana iya bata naira 70,000 ɗin da aka sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, amma nata nake fara warewa kafin in taɓa ko sisi. Kuma mu biyu bama wuce yara ashirin, ana ta roƙo in ƙara ina cewa a'a, da an ƙara an koma kiwo.

Mai son farawa ta fara da maigida da maƙwabta, don hayaniyar ba kaɗan bace, ta sanar da mai unguwa, sannan ta je ma'aikatar ilimi ta ji sharuɗɗan rajista tun kafin a zo mata. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma firamaren gwamnati da dama suna da ajin share fage ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, yaron da ya kai biyar iyayensa basu da hali can nake tura su. Ɗaukar yaro in an tashi kuwa sai wanda aka rubuta sunansa ranar da aka kawo shi, ko kawunsa ne ya zo sai na kira uwar na ji daga bakinta.