Ɗakin Wa Ya Fito? Kwana Huɗu a Gidan Banu Nasr

Taron da ya kai ni Malaga, a kudancin Sifaniya, na kwana uku ne, amma tun daga Kano na ƙara kwana huɗu a kan tikitin dawowata, don na daɗe ina marmarin ganin fadar Alhamra ta birnin Garnada da idona. Ranar da aka tashi taron, da la'asar sakaliya, na hau tsohuwar ƙasabar birnin, wato sansanin tsaronsa, na zauna bisa ganuwa ina kallon jiragen ruwa a tasha. Wani allo ya ambaci gwamnan da ya riƙe garin daga 1279, Abu Sa'idu Faraj. Na karanta na wuce. Ban san a cikin gidan mutumin nan ragamar tafiyata take ba.

Washegari na shiga bas zuwa Garnada. Ba mu cika awa biyu ba, kuma kusan duk hanyar itatuwan zaitun ne jere reras a kan tuddai, kamar kitson da aka yi wa ƙasa. Da muka doshi gari sai ga duwatsu sanye da ƙanƙara fari fat. Mafi tsawonsu, mai mita 3,479, suna kiransa Mulhasen, wato Maulaya Hasan, mahaifin sarkin Garnada na ƙarshe.

A masauki da dare na kira Goggona. Ita ce ma'ajiyar asalin gidanmu; ko jaririn jiya ka ambata mata, sai ta kai ka ga kakan kakansa ba ta yi tuntuɓe ba. Na ce mata gobe zan shiga gidan wasu sarakunan Musulmi, Banu Nasr, da suka yi shekara 260 suna mulki. Na fara jero mata su: Muhammadu ɗan Ahmar da aka naɗa a garin Arjona a 1232, ɗansa Muhammadu na biyu, jikansa Muhammadu na uku, sai Nasr, sai Isma'ila. Ta katse ni.

"'Yar nan, kina ta zuba mini maza kamar ƙirgar buhuna. Shi wannan Isma'ilan, ɗakin wa ya fito?"

Na ce, "Goggo, bari in duba."

Ta ce, "Duba dai. Gidan sarauta ba a karanta shi daga zaure."

Na kwana ina dubawa.

Da sassafe na kama hawan da ke tashi daga Plaza Nueva, cikin inuwar manyan itatuwa, ruwa na gudu a 'yan magudanai gefe da gefe. Na shiga ta Ƙofar Shari'a, wadda Sarki Yusufu na ɗaya ya gina a 1348, da hoton tafin hannu a saman bakanta na waje, mabuɗi kuma a na ciki. Shiga fadar kanta sai da lokacin da aka rubuta maka a tikiti, kuma sai an ga fasfo. Ina sa ƙafa, abin da ya fara cika mini ido rubutu ne. A bango, a kan ginshiƙi, a gefen taga, ko'ina jimla ɗaya ce take maimaita kanta: wa la galiba illallah, babu mai rinjaye sai Allah. Taken gidan ke nan. Na tsaya ina karanta shi a fili, masu yawon buɗe ido na ɗaukarsa hoto a matsayin ado.

Marubutan fadar, har da waziri Ibn al-Khaɗib, sun kai salsalar gidan ga Sa'adu ɗan Ubada, shugaban Khazraj, ɗaya daga manyan Ansar na Madina. Masana tarihi na yanzu sun fi kallon wannan a matsayin rigar da aka ɗinka wa gidan bayan ya yi ƙarfi, domin wanda ya kafa shi mutumin ƙaramin gari ne a bakin iyaka, mai noma da yaƙi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Mu ma Bayajidda daga Bagadaza muka ce ya zo, Saifawan Borno kuma suka jingina da Yaman. Ko wace sarauta tana son a ce daga gabas ta ɓullo. Amma tambayar Goggo ta fi kusa da ƙasa, kuma amsarta a rubuce take sarai.

Isma'ila ɗan Faɗimatu ne, 'yar Muhammadu na biyu. Auren zumunci aka yi mata da Abu Sa'idu Faraj, gwamnan nan na Malaga, wanda ubansa da kakanta Muhammadu ɗan Ahmar 'yan'uwa ne, 'ya'yan mutum guda. Muhammadu na uku shaƙiƙinta ne. Nasr kuwa ɗan uba ne, daga wani ɗakin. A 1309 aka tuɓe shaƙiƙin nata aka ɗora Nasr. Shekara biyar bayan haka, a 1314, rundunar Malaga ta shiga Garnada, Nasr ya koma garin Wadi Ash, ɗan Faɗimatu ya hau gado. Uban Isma'ila bai taɓa sarautar Garnada ba. Jinin sarakunan da suka gabata ta wajen uwarsa ya same shi.

Ba a nan aikinta ya tsaya ba. An kashe ɗan nata a 1325, kuma ɗan'uwa ne ya soke shi. Jikanta Muhammadu na huɗu ya hau yana ɗan shekara goma, ita ta tsaya a kansa. Shi ma aka kashe shi a 1333. Aka naɗa ƙanensa Yusufu, ɗan shekara goma sha biyar, ta sake ɗaura ɗamara. Ta rasu a 1349 ta haura casa'in. Ina tsaye a babban zauren karɓar baƙi da Yusufun ya gina, na ɗaga kai ina kallon rufin katakon da aka tsara shi kamar sammai bakwai, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Matar da ta binne ɗa, ta binne jika, ita ta raini yaron da ya yi wannan aiki. Na san irinta. Kowane babban gida a Kano yana da tsohuwa guda da in ba don ita ba da tuni an watse.

Daga nan aka bi da mu farfajiyar zakuna, inda zakunan dutse 12 ke ɗauke da kwamin ruwa, ginshiƙai 124 sirara kewaye da su. Muhammadu na biyar ya gina ta, tattaɓa-kunnen Faɗimatu, kuma shi ma 'yan ubanci sun ɗanɗana masa. An kashe mahaifinsa Yusufu a masallaci ranar Ƙaramar Salla ta 1354, yana cikin salla. Muhammadu ɗan Busaina ne. Kishiyarta Maryamu tana da nata ɗan, Isma'ila, tana da dukiya, tana kuma da suruki a cikin dangi, mijin 'yarta. Cikin azumin 1359 aka hauro katanga da dare, aka kashe babban wazirin, sarki ya tsira da ƙyar, ya ƙare a Fas ta Maroko. Ɗan Maryamu bai cika shekara a gado ba surukin nan ya sa aka kashe shi, ya haye. A 1362 Muhammadu ya dawo, ya yi mulki har 1391, kuma a wannan zaman na biyu ne ya gina wurin da nake tsaye. Mutumin da ɗan'uwansa ya kora ne ya zauna ya tsara gida mai wannan natsuwa, ruwa na tafiya a hankali ta kusurwa huɗu.

Bayan farfajiyar akwai wani fili da yawancin mutane ke wucewa ba su waiga ba. Rauda ce, makabartar sarakuna, inda aka binne Faɗimatu kusa da mahaifinta da ɗanta. Yau sai tushen bango da ramuka. Da masu tono suka buɗe su, ba su tarar da kowa ba.

Kwana na uku na haura unguwar Albaisin, lungu-lungu kamar cikin Birni, har Darul Hurra, gidan da ake dangantawa da A'isha, uwar Abu Abdullahi, sarkin Garnada na ƙarshe, wanda Turawa ke kira Bo'abdil. Ɗan madaidaicin gida ne, da tsakar gida da ƙaramin tafki. A'isha jinin sarauta ce. Mijinta Abul Hasan, wato Maulaya Hasan ɗin nan, ya ɗauko wata Banasariya da aka kamo, Isabel de Solis, ta musulunta aka sa mata Surayya, ta haifa masa maza biyu, Nasr da Sa'adu. Sauran labarin ko ban faɗa ba Bahaushe ya san inda zai nufa. A 1482, shekarar da daular Kiristoci ta Kastila ta ƙwace garin Alhama, ɗa ya yi wa uba tawaye. A 1483 aka kama ɗan a yaƙin Lusena, aka sake shi da sharuɗɗa, ya bar ɗansa ƙarami a hannun abokan gaba a matsayin jingina. Daga nan rigima ta koma tsakaninsa da baffansa, Zagal. Ranar 2 ga Janairu 1492 ya miƙa mabuɗan gari. Ba na cikin masu ɗora wa matan nan biyu laifin faɗuwar Garnada. Kastila da Aragon sun haɗe, suna da igwa, suna da kuɗi, taimako kuma bai zo daga tsallaken teku ba. Amma da gidan ya haɗa kai, da an fi haka wahala kafin a shige shi.

Da na sauko gari na shiga wani gida da ake kira Casa de los Tiros, yanzu gidan tarihi ne. A nan na ga ɗaya reshen. Sidi Yahaya, jikan Sarki Yusufu na huɗu, ya miƙa garin Baza a 1489, ya karɓi Kiristanci, ya koma Pedro de Granada. Zuriyarsa, Granada Venegas, suka zama manyan masu sarauta a Sifaniya, lambun sarakuna na Janaralife ya zauna a hannun magadansu har 1921. 'Ya'yan Surayya ma aka yi musu baftisma, suka zama Fernando da Juan. Shi kuwa Abu Abdullahi ya haye Fas a 1493, kuma malamin tarihi al-Maƙƙari ya tarar da zuriyarsa a can a 1618 suna rayuwa da sadaka. Da na gaya wa Goggo wannan a daren, ta yi shiru, can ta ce, "Allah Sarki. Tsatso ɗaya fa."

Sai ta tambaye ni, "Ita tsohuwar, ina suka kai ta?"

Saboda wannan tambaya na ɗauki motar haya ranar ƙarshe zuwa Monduhar, wani ƙauye a kwarin Lekrin, kudu da Garnada, tafiyar kamar rabin awa. Kafin ya bar gari, Abu Abdullahi ya sa an tone ƙasusuwan kakanninsa daga Rauda an kawo su nan, kuma nan aka kawo matarsa Maryama da ta rasu a 1493, gab da hayewarsa. Direban ya tsaya mini a bakin wata gonar lemo. Sama can bisa tsauni ga kufan wata ganuwa, ƙasa ga babbar hanya motoci na ta wucewa. Na duba alƙibla a waya, na gyara mayafina, na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, na ambaci Faɗimatu 'yar Muhammadu da sunanta. Sannan na kira Goggo, na ɗaga wayar sama don ta ji iskar wurin, ita ma ta yi tata addu'ar daga Kano, direban na jingine da mota yana jirana.