Wasiƙa daga ƙauyen Faransa zuwa ga mutanen Damagaram

Assalamu alaikum ƴan uwa na Birni da Zengo da Garin Malam har zuwa Mirriya, iyayena da yayyena da ƙannena, ina gajiya, ina damina? Da fatan gero ya yi kai, an kusa fara gasa tumu. Da yawanku kun aiko min saƙo a WhatsApp kuna cewa kwana biyu shiru, to wallahi ba mantuwa ba ce, watan Agusta ne ya riƙe mu ni da maigida, sai yanzu da wata ya zo ƙarshe na samu na zauna.

Ga waɗanda ba su sani ba, gidan saukar baƙi muke riƙe da shi a wani ƙauye cikin yankin Dordonyi, kudu maso yammacin Faransa, ba nisa da garin Sarla. Ba otal ba ne, dokar ƙasar ma ba ta yarda irin wannan gida ya wuce ɗaki 5 ko mutum 15 ba, kuma dole kuɗin kwana ya haɗa da karin kumallo. Abincin dare in za a yi, na waɗanda suka kwana gidan ne kawai, tukunya ɗaya, kowa ya ci abin da aka dafa, mu da su a tebur guda. Mutane suna zuwa ne saboda kogi da tsofaffin gidajen sarauta da kogon Lasko mai zanen mutanen da, wanda wasu samari suka gano a 1940, shi ya sa daga Yuli zuwa hutun 15 ga Agusta ba ka samun gado ko ɗaya babu mutum, sai an kusa komawa lakkol a farkon Satumba masu yara su watse, a bar mu da tsofaffi masu ritaya, su kam ba sa gaggawar komai.

Na san wani zai buga lissafi, ɗaki yuro 80, yuro ɗaya sefa 655 da ɗoriya, ai sama da jikka 52 ke nan a dare ɗaya, ya ce Hajiya ta haye. Yaya, a cire haya da wuta da haraji da kason da shafukan kama ɗaki na intanet suke yanka, a tuna kuma in sanyi ya shigo sai a yi watanni ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da ke riƙe gidan nan a gaskiya lambun bayan gida ne, kuma shi nake son in ba ku labari.

Ana sallar asuba nake shiga da kwando tun raɓa ba ta bushe ba. Tumatir a wannan lokaci duk tare yake nuna, wanda ka bari jiya da ɗan kore yau ya yi ja, gobe ya tsage. Ga koren wake da sai an tsinka kullum in ba haka ba ya yi jijiya, ga wata doguwar kabewa da suke ce ma kurjet wadda in ta ɓuya ƙarƙashin ganye kwana kaɗan sai ka tarar ta kai damtse, ga ɓaure yana faɗowa zanzaro na rububi a kai. Ruwa kuma ba yadda kuke zato ba ne, nan ma ana fari, a 2022 ƙasar ta sha shi sosai, kuma in rani ya tsananta hukuma kan hana ban ruwa da rana, sai da yamma ko da sassafe. Ni da na tashi a Damagaram inda ake kwana a layin famfo da jarka, ba wanda zai koya min tattalin ruwa, ruwan wanke salati ma a gindin barkono yake ƙarewa, kuma na lulluɓe ƙasa da ciyawa don kada rana ta shanye danshin. In kuma hadari ya sauko aka samu zafi da laima sai wata cuta ta kama ganyen tumatir ya yi baƙi, dole a yi ta cire ganyen ƙasa.

Na gwada namu na gida. Kuɓewa ta yarda amma sai cikin rumfar leda. Yakuwa ta yi ganye sosai muna miya da ita, sai dai ba ta kai ga soɓo, don ba ta fure sai yini ya gajarta, nan kuwa kafin ya gajarta sanyi ya kawo kai. Zogale a tukunya yake, in jaura ta taɓa shi ya tafi.

Ba ma sa naman alade ko giya a teburinmu, kuma tun wajen kama ɗaki muke faɗa don kada a yi jin kunya. Soɓo da lemun citta nake kawowa, wani dare shinkafa da miyar tumatir, wani dare dambun zogale in ganyen ya isa. Wata tsohuwa da ta ga na fita da wuƙa na dawo da albasa da ƙasa a jikinta, sai da ta bi ni har lambun ta tsaya tana shinshina ganyen tumatir a hannunta, ta ce rabonta da wannan ƙamshi tun gidan kakarta. Wannan suke biya, ba gadon ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Duk yamma a ƙarshen Agusta aikinmu ɗaya ne, mu dafa tumatir ya yi kauri, mu zuba a kwalabe masu murfi da roba da aka wanke aka tafasa, da ɗan ruwan lemun tsami a kowace, a rufe, a jera cikin babbar tukunya ruwa ya shanye kansu, a tafasa wajen awa ɗaya. Kwalbar da murfinta ya kama gam tana kaiwa shekara ba firji ba lantarki. Duk sanda nake wannan aiki Mirriya nake tunawa lokacin noman rani, tumatir jibge a kasuwar Lahadi ana neman mai ɗauka ko a nawa ne, sannan damina ta zo mu koma sayen na gwangwani da tsada. Kauɗa tana da kyau, ban raina ta ba, amma iyayena mata masu ƙungiyoyin adashi, ku gwada kwalba ko guda goma ce in kakar tumatir ta zo. Tumatir kawai fa, kada a yi da wake ko nama, su ba su da tsami, tafasar tukunya ba ta isa ta kashe cutar da ke ɓuya cikinsu ba, kuma duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko ya saki a zubar, kada a ɗanɗana.

Wadda take so in turo mata hoton yadda ake yi mataki mataki ta yi min magana. Ku kuma ku ba ni labarin gonaki wajen Mirriya da Gidimuni, ruwa ya wadata ko ya yi yawa, kuma nawa tiyar gero yanzu a kasuwar Dole. A gaida su Inna da Baba, a sa mu a addu'a.

Taku,
ƴar Damagaram a Dordonyi