Farin goro da jan goro

Laraba, bayan isha'i.

Ƙurar hunturu ta lulluɓe Damagaram tun asuba, ko duwatsun Birni ba a hangowa sosai. Awa biyu na yi da 'yan ajin ƙarshe na lise a kan gadon halitta. Na ba su labarin Gregor Mendel, malamin cocin da ya shafe shekaru yana barbarar wani irin wake a lambu, ya buga abin da ya gano a 1866. Da ya haɗa dogo da gajere, 'ya'yan fari duk dogaye suka fito, amma a jikoki sai gajeren ya dawo, kusan ɗaya cikin huɗu. Ashe ƙwayar gado bibbiyu muke ɗauke da ita, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba, kuma nau'o'inta su ake kira alel. Wani alel ɗin mai rinjaye ne, wani kuma yakan laɓe sai ya gamu da irinsa. Wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu.

"Madam, shi ya sa ke nan iyaye lafiyayyu ke haifar mai sikila?"

Na ce haka ne, idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Yadda ta duƙufa tana rubutawa ya sa na ji tambayar daga gida ta taso. Ban bincika ba.

Da la'asar na hau kabu-kabu zuwa Birni, gidan ƙanwata. Gobe suna, 'ya mace ta huɗu. Na same ta a ɗaki ta fito daga wankan jego, idanunta jajur, kuma na san ba hayaƙin itace ba ne. Ban daɗe da zama ba na ji dalili daga tsakar gida, inda surukarta da wasu dattawan mata ke rabon goron suna. Wai cikinta na mata ne. Wai ya kamata yaron ya nemo mai haifar maza tun da sauran ƙarfinsa.

Zuciyata ta tafasa, amma gidan surukai ne, kuma ƙanwata ce za ta kwana a cikinsa bayan na tafi. Na fito na durƙusa na sake gaisuwa, na roƙi Hajiya ta ara mini faifai biyu. A ɗaya na zuba farin goro zalla, a ɗayan na gauraya fari da ja.

Na ce, "Hajiya, a jikin ɗan Adam akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu ke raba mace da namiji. Mace tana da X biyu, ga faifanta, fari ne kawai. Namiji yana da X da Y, ga nasa. Kowane ciki, goro ɗaya ake ɗauka daga nan, ɗaya daga can. Fari da fari mace, fari da ja namiji. To a wane faifai ja yake?"

Tsakar gidan ta yi tsit. Hajiya ta dube ni ta ce, "Yanzu ke 'yar nan, laifin ɗana ne ke nan?"

"Ba laifin kowa ba ne, Hajiya. Shi ma ba shi ke zaɓa ba, kusan rabi da rabi ne a ruwansa. Cikin gidaje goma sha shida masu 'ya'ya huɗu, za a samu kamar ɗaya da duka mata ne. Kuma ko ya ƙara aure, amaryar ma farin goro za ta zo da shi."

Wata tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce ai Allah da kansa ya faɗa a Suratus Shura, yana ba wanda ya so mata, yana ba wanda ya so maza, kuma da matan ya fara.

Sai na faɗi abin da ni kaina yake taɓa ni duk shekarar da na koyar da shi. X ɗin da namiji ke da shi guda ɗaya ne tak, kuma daga mahaifiyarsa ya samo shi. Shi yake miƙa wa kowace 'yarsa, ɗansa kuwa Y yake ba shi. Na ɗauki farin goro daga faifan uban na sa mata a tafin hannu. Na ce, "Wannan naki ne, Hajiya. Yana jikin jaririyar nan, yana jikin yayyenta uku. Da namiji aka haifa, jan goron kakansa zai ɗauka, wannan naki bai kai gare shi ba."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta juya goron ta ce mu 'yan lakwal ba ma rasa magana. Can bayan an koma rabo na ji ta ɗaga murya wajen ɗaki, "Ku kawo mini kishiyar tawa in ƙara ganinta."

A hanyar dawowa ta wajen Kasuwar Dole na tuna cewa mace ce, Nettie Stevens a Amurka, ta nuna wannan tun 1905 a jikin wani ƙwaro. Shekara ɗari da ɗoriya, har yau ana sakin mata a kan abin da babu hannunsu a ciki.

Kafin in fito ƙanwata ta riƙo gefen zanena ta ce, "Yaya, gobe bayan an watse ki maimaita wa Malam, a gabana." Na sa goro biyu a jaka, fari da ja, na naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma kada hunturu ya busar da su kafin safiya.