Kafa Ɗaya, Na'urori Huɗu: Abin da Na Koya a Ɗakin Naɗar Murya

Shekara uku ke nan ina aiki a wani ƙaramin ɗakin naɗar murya da ke unguwar Zariya a Maraɗi, inda muke ɗaukar waƙoƙin biki da tallace-tallacen rediyo, wani lokaci kuma da karatun malamai. Kwamfutar maigidana ta tsufa, kuma duk lokacin da aka ɗauke kuran sai aikin da ke kanta ya salwanta, saboda haka ya yanke shawarar mu koma kan tablet, wadda ke ɗauke da batirinta a jiki. Shawara ce mai kyau, sai dai iPad ɗin da ya samo kafa ɗaya tak gare ta, irin ta Lightning da kamfanin Apple ya fito da ita a 2012, mu kuwa abubuwa huɗu muke son ratayawa a jikinta: piyano, da akwatin sauti da ake soka makirfo a cikinsa, da ɗan allon kiɗan ganguna, da kuma caja.

Da farko na ɗauka matsalar ta ƙarancin kafofi ce kawai. Na tafi babbar kasuwa na sayo ƴar na'urar nan mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu, wadda masu shago ke kira hub, na dawo ina ganin na gama. Piyano ya yi aiki. Da na ƙara akwatin sauti, sai tablet ta rubuto cewa na'urar tana cin wuta fiye da kima, ta kuma katse komai. Kwana biyu na yi ina sauya wayoyi ina zargin akwatin, har maigida ya dube ni ya ce, "Yaro, ka tara baƙi huɗu a gida, wa zai ciyar da su?" Tambayar ce ta sa na daina ƙirga kafofi na koma ƙirga wuta. Kafar USB ta 2.0 an tsara ta ne ta ba da milliyamfa 500 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) a kan bolt 5, ta 3.0 kuma 900, ita kuwa kafar Lightning abin da take bayarwa bai ko kusa da haka ba. Akwatin sautinmu shi kaɗai zai iya shanye kason kafa guda, musamman idan aka kunna masa wutar bolt 48 da makirfon sutudiyo ke buƙata. Hub marar cajar kansa ba ya ƙara ko ƙwayar wuta, ɗan abin da ke akwai ne yake rabawa.

Mafita ta zo da abubuwa biyu. Na farko shi ne mahaɗin Apple na 2016, wanda ke da kafar USB da kafar caji a gefe guda, ta yadda tablet za ta riƙa sha tana kuma magana da na'urori. Na biyu shi ne hub mai nasa cajar, wanda ya ɗauke wa tablet nauyin ciyar da kowa. Masu sabbin tablet na USB-C, irin waɗanda Apple ya fara sa wa iPad Pro a 2018, sun fi mu sauƙi, domin hub ɗaya mai shigar da caji ya ishe su, amma su ma su sani cewa hub ɗin yana cire nasa kason kafin ragowar ta isa batir.

Wannan ragowar ce ta kunyata ni ranar da wata mawaƙiya ta zo daga Tibiri da makaɗan kalangunta. Na haɗa komai, alamar caji tana nunawa, na saki jiki. Ashe cajar waya mai wat 5 na soka, alhali tablet ɗin tana tafiyar da manhajar naɗa da hasken allo a ƙure, tana cin fiye da abin da ke shiga. Ga shi watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, mun kuma kashe fanka don kada ƙararta ta shiga makirfo. Apple ya ƙayyade cewa na'urar ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma idan ta ɗau zafi tana rage caji ko ta dakatar da shi don kare batir. Muna tsakiyar waƙa ta uku allo ya mutu. Hajiya ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, in kun shirya ku aiko," kuma hakan ya fi mini ciwo.

Tun daga ranar nake cika batir kafin baƙi su iso, na cire wa tablet rigarta, na rage hasken allo, na yi amfani da babbar caja. Na kuma gano cewa wayoyi da yawa da ake sayarwa caji kawai suke kaiwa, ba su da jijiyoyin ɗaukar saƙo, saboda haka kowace na gwada na tabbatar sai na ɗaure mata jan zare. Piyano da allon ganguna ba su da rigima, domin saƙon MIDI da suke aikawa, wanda aka tsara tun 1983, ba sauti ba ne, umarni ne kawai na wane maɓalli aka danna da kuma ƙarfin dannawar, kuma na'urori da dama suna iya aika shi lokaci guda. Akwatin sauti kuwa ɗaya tak tablet ɗinmu ke karɓa, wanda aka soka daga baya shi ke ƙwace wuri.

Abin da har yanzu nake fama da shi shi ne gurnanin da ke shiga naɗi idan caja da lasifika suna kan ralanji ɗaya, wato wayar jona wuta mai kafofi da yawa, ya kuma fi tsanani idan muna kan janareta. Kuran ɗinmu mai bugu 50 ne a daƙiƙa, kuma wannan bugun ne kunne ke ji a ƙarƙashin muryar mawaƙi. Yanzu idan za a ɗauki murya zalla, nakan zare cajar daga bango na mayar da tablet kan babban batirin ajiya, sai gurnanin ya lafa. Maigida ya yi alkawarin kawo mai aikin wuta ya binne mana ƙarfen ƙasa, wanda ke haɗa wayoyin wuta da ƙasa, a bayan ɗaki kafin damina ta faɗi.