Abin da na koya da muka kai zane-zanen 'yan Zariya baje koli a Abuja

Ni ba mai zane ba ne, nawa ɗaukar kaya da buga ƙusa, abokina ne da ya karanci zane a ABU Zariya ya jawo ni lokacin da shi da 'yan ajinsu suka haɗa baje kolin sababbin ayyukansu a wani galari, wato ɗakin nuna zane-zane, a Abuja.

Tun a hanya aka fara darasi. Fentin mai ba kamar fentin akirilik ba ne da yake bushewa nan da nan, shi sai ya yi makonni, kai ko ya bushe a sama cikinsa da saura, don haka ba a jingina fuskar wani zane da wani, sai an sa kwali a kusurwoyi an bar iska a tsakani, ga ƙurar hunturu da take neman duk inda ya jiƙe ta manne. Rataya kuma akwai ƙa'ida, tsakiyar zanen ya zo daidai idon mutum, kamar santimita 150 daga ƙasa, fitila kuma a karkace ake haska ta don kar ƙyalli ya cinye launin.

Ayyukan ne dai suka tsaya min a rai. Wata a cikinsu ta yi aiki da shuni irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ta rina yadin da kanta sannan ta yi zane a kai, in ka matso har kana ganin inda babar ta kama sosai da inda ta yi haske. Wani ya yi rubutun larabci ya saƙa shi cikin dagin Arewa. Abokina kuwa ƙofofin gidajen da aka gudu aka bari saboda 'yan bindiga ya zana, ba mutum ko ɗaya, sai kwaɗo a rufe da turmi a kife a tsakar gida. Wallahi na ga wani dattijo ya daɗe a gabansa bai ce uffan ba.

Suna yawan ambaton ƙungiyar masu zane ta Zariya ta 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, waɗanda suka ce a koyi dabarar Turawa amma a zana abin gida. Ni a ganina yaran nan sun riƙe wannan amanar, ba su tsaya ga hawan sallah da ake ta maimaitawa don baƙi su saya ba.

Abin da ya dame ni shi ne mutanenmu. Wasu sai su leƙo su juya, sun ɗauka wurin manya ne ko sai an biya, alhali shiga kyauta ne. Wasu kuma batun hoton mai rai ne yake musu nauyi, kuma ba na raina wannan. Amma duk sanda mai zanen ya tsaya kusa da aikinsa ya yi bayani da Hausa sai ka ga mutum ya saki jiki yana tambaya, har wata hajiya ta sayi na shunin aka manna masa jan ɗigo alamar an saya. Shi ya sa muka ce na gaba takardar bayanin kowane zane da Hausa za a rubuta ta tare da turancin, kason da galari zai cira daga ciniki kuma a rubuce tun kafin a buga ƙusa ta farko.