Asabar: ɗigo ɗaya a talabijin ɗin Baba

Sha biyun dare ta gota, unguwa ta yi tsit sai ƙarar injin maƙwabta. Yatsuna uku sun rine kamar na amarya, wandona ya yi tabon da ko mai wanki ya ce in haƙura, bayana kuwa kamar an yi sussuka a kai. Duk da haka sai na rubuta kafin in kwanta, don na san halina, gobe rabin abin ya zube.

Mako uku ke nan ina zanen fanel ɗin wani ɗan gem na talabijin, wato allon da ake dasa kayan lantarki a kai, a manhajar kwamfuta mai suna KiCad, kullum bayan na rufe shago. Abokan aikina na gyaran waya sun gama yi min dariya tun tuni. Wani ya ce gem nawa ne a wayar da ke aljihunka? Gaskiyarsa ce, ban kuma da amsar da za ta gamsar da shi. Abin da na sani kawai, ranar da muke kwashe tarkacen sito na ci karo da hannun tsohon gem ɗinmu, wanda Yaya ya zo mana da shi muna firamare, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa 9999 a jiki alhali wasannin ciki ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran duk maimaici ne da sabon suna. Sai da na girma na san kwaikwayon Famicom ne, wanda Nintendo ta fitar a Japan a 1983. Uwar gem ɗin ta ƙone tun shekarun baya. Hannun nan kaɗai ya rage, wayarsa a nannaɗe, ƙura ta cika ramukan maɓallan. Tun ranar nake son in ga ya sake motsa wani abu a fuskar talabijin.

Da safe na tafi wajen Wunti neman inda zan buga zanen. Dole sai firinta mai hoda, don hodar nan garin roba ce, zafi ke narkar da ita ta kama takarda, zafi kuma zai sake ɗauke ta ya manna a jan ƙarfen da ke fuskar allon fanel. Mai ruwan tawada ba ta yi. Takardar ma sai mai sheƙi, shi ya sa na yanko bayan kalandar bara. Yaron shagon ya juya ta gaba da baya, ya ce shi fa oga ya hana sa takardar waje. Na roƙa, na ce in ta maƙale ni zan kwance in gyara, aikina ne. Ya yarda da ƙyar, yana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa.

Na farko ya fito baƙi ƙirin, tsaf. Har na miƙa kuɗi sai idona ya sauka kan kusurwar da na rubuta BAUCHI, na ga ina karanta shi daidai. To nan ne matsalar. Takardar kifa ta ake yi a kan jan ƙarfe, saboda haka duk abin da ya karantu daidai a takarda zai fito a juye a fanel. Na latsa wajen juya hoto alhali zanen fuskar ƙasa ta fanel ba ya buƙatar haka. Da na tafi da shi, da ƙafafu 28 na aisi, wato ƙwaƙwalwar na'urar, duk sun koma ɓarin da ba nasu ba, da sai bayan na gama huji zan gane. Na cire alamar muka sake bugawa, rubutun ya fito daga dama zuwa hagu. Yaron ya leƙa ya ce, "Wancan ya fi kyau ai." Na ce masa wannan na ajami ne.

Na biya na ci masa da miyar taushe a hanya, na dawo gida wajen sha ɗaya. Babu wuta.

Na dirje allon jan ƙarfen da soson ƙarfe da garin sabulu har ya koma ja yana ɗaukar ido, na riƙe shi ta gefe-gefe don ko maiƙon yatsa ya taɓa shi hoda ba za ta zauna a wurin ba. Na jira wuta har azahar ta kusa, shiru. Sai na naɗe kayana na nufi bakin layi wajen Baba mai wanki da guga, wanda dutsensa na gawayi bai san wani abu wai shi ɗauke wuta ba.

Na gaishe shi, na ajiye allon a kan teburinsa da takarda a kife. Ya dube shi, ya dube ni.

"Ɗan nan, wannan kuma rigar wa ce?"

Na yi masa bayani iya yina. Na ce in ya ba ni aron dutsen minti biyar ya isa. Ya ce dutsensa ba ya shiga hannun kowa, sai dai in faɗa masa yadda ake so. Ya shimfiɗa tsohon ƙyalle, ya kaɗa dutsen sau biyu garwashin ya tashi, ya danna da nauyin kafaɗarsa. Hannun da ya shekara yana fitar da karin shadda ba irin nawa ba ne. Bai bar takardar ta gusa ko kaɗan ba, yana bin ta da hancin dutsen a hankali har zanen ya soma nunawa ta baya. Kusurwa ɗaya ce kawai na ga kamar bai daɗe a kanta ba, na buɗe baki zan yi magana, kunya ta hana ni. Wa zai koya wa Baba guga? Ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce in abin ya yi in zo in nuna masa.

Na jefa allon cikin ruwa takardar ta jiƙa, na riƙa murza ta da babban yatsa tana fita kamar dusa. Layukan suka bayyana baƙaƙe a kan ja. Wurare uku sun ɗan tsinke, na cike su da maka mai baƙin da ba ya wankuwa.

Sai aikin da na fi ɗoki, na kuma fi tsoro. Ferik kulorayid ɗin da aka saƙo min daga Legas tare da allon, garin na jiƙa a wata robar Umma mai murfi, wadda na ɗauka ba da saninta ba. Roba dole, don ruwan nan cin ƙarfe ne aikinsa, in ka zuba shi a kwanon silba kwanon zai fara ci. Launinsa kamar shayin da ya kwana a wuta. Da yake hunturu ne ruwan ya yi sanyi, shi kuwa da sanyi nawa yake yi, sai na ɗora robar cikin wani baho mai ruwan zafi, na zauna a gindin darbejiya inda iska ke wucewa, ina karkata ta hagu da dama.

Minti biyar na farko babu abin da ya faru, har na fara zargin an sayar min da ƙasa. Can sai gefen allon ya soma dusashewa. Jan ƙarfen da ke kai bai fi kaurin maikiron 35 ba, ko silin gashi ya fi shi, ruwan yana narkar da shi ya tafi da shi, duk inda hoda ta rufe kuma ya tsira. Daga gefe yake ci yana shiga tsakiya, kamar yadda kududdufi ke janyewa bayan damina, tsibirin ja yana ƙanƙancewa ina kallo. Na ɗaga allon da tsinken roba na saita shi da rana, haske ya ratso ta wuraren da aka cinye, layukana suka tsaya a ciki baƙaƙe, kowanne inda na ajiye shi a kwamfuta da daddare. Na sha gyara fanel ɗin da wasu suka zana a Chaina, ina bin hanyoyinsu da mita kamar baƙo a garin mutane. Wannan kuwa na san dalilin kowace kwana, na san inda na yi ha'inci na zagaya da layi ta ƙarƙashin rasista don na rasa hanya.

Saura ɗan tsibiri a tsakiya waya ta yi ƙara. Wani mai waya ne a shago yana son jin ko an samu sikirin ɗinsa, daga nan ya shiga labarin da ba ni na tambaye shi ba. Na mayar da allon cikin ruwan na tashi ina amsawa. Kafin in dawo an yi minti goma. Na cafko shi da hannu, safar ledar ta yage, ruwan ya fantsamar min a wando. Ƙanwata na shanya ta hango yatsuna ta ce, "Yaya, ashe lalle ake sha a bayan gida ba a gayyace mu ba?" Ita ce kuma ta ba ni ruwan goge farce na wanke hodar, jan ƙarfen ya fito fes. Na duba sama-sama na ce lafiya lau. Ban gwada da mita ba. Ɗoki.

Huji da like ba abin faɗa da yawa. Ƙaramar motar lantarki mai juyawa ta cikin tsohuwar rediyo na ɗaura wa allurar huji mai milimita 0.8, na karya ɗaya, ta biyun ta kai ni. Ƙarfen dalma mai aiki da batir na taho da shi daga shago. Kayan ba su da yawa: mazaunin aisi, kiristal mai megahaz 16 da ƙananan kafasita biyu, rasista uku, soket na AV, da wayoyi biyar na hannun gem. Aisin, mai suna ATmega328P, tun jiya na loda masa wasan a kan Arduino, ɗan allon da ake loda wa aisi manhaja da shi, yau na ɓanɓaro shi a hankali na dasa. Kafin in taɓa shi sai da na dafa ƙarfen ƙofa, don a busasshiyar iskar nan ko mayafi ka ja sai ya yi tartsatsi.

Abin da har yanzu yake ba ni mamaki shi ne rasista biyu kacal ke haɗa hoton. Ɗaya mai om 1000 daga ƙafa ta 15, ita ke gaya wa talabijin ga farkon layi, ga farkon shafi. Ɗaya mai om 470 daga ƙafa ta 13, ita ke cewa nan fari, nan baƙi. Talabijin irin tamu ta PAL layi 625 take zanawa, kowane layi cikin maikirosakan 64, kuma ba ta jiran kowa. Aisin nan shi kaɗai zai riƙa ba ta kowane layi a kan lokaci, sai a ɗan numfashin da ke tsakanin shafi da shafi ne yake samun sukunin lissafa inda ƙwallo ta kai. Ma'ajiyarsa ta aiki bayit 2048 ce. Hoto mai ɗigo 128 a kwance da 96 a tsaye ya cinye 1536. Da ragowar 512 za a yi komai. Famicom ma kilobayit 2 gare ta na aiki, sai dai ita tana da aisi na musamman mai kula da hoto da tasa ma'ajiyar daban. Nawa talaka ne, shi ne liman shi ne ladan. Shi ya sa ban yi girman kai ba, na rubuta irin Pong, sanda biyu da ƙwallo, wasan da Atari ta fitar a 1972.

Bayan isha yara suka kwashe da ihu a layi, an kawo wuta. Na ruga falo na jawo tsohuwar talabijin ɗin Baba mai doro, wadda ya ƙi rabuwa da ita, na soka wayar ruwan ɗorawa, na haɗa fawa bank. Yaya ya zo da ɗansa cin tuwo, Umma ma ta leƙo, kowa ya zuba ido.

Fuskar talabijin ta cika da farare-fararen zane suna tsere a karkace, kamar an yaga hoto ana jan sa. Ba sanda, ba ƙwallo. Ɗan Yaya ya ce, "Bappa, ya lalace ne?" Yaya ya yi gyaran murya irin ta mai danne dariya.

Sai dai zanen nan ya kwantar min da hankali, don ya nuna aisin na raye yana turo hoto, talabijin ce ba ta san inda layi ke farawa ba. Na kashe, na kifa fanel, na sa mita a kan ƙara na bi layin ƙafa ta 15. Ƙii, ƙii, sai shiru. A daidai kusurwar nan da na ji kunyar yi wa Baba mai guga magana. Hodar ba ta kama sosai a wurin ba, minti goman da na ɓata a waya kuma ruwan ya samu ƙofa ya shiga. Tsagar ba ta ganuwa sai da na haska fitilar waya ta baya. Na feɗe 'yar siririyar waya na yi mata jamfa, wato gadar da ke haɗa tsagar, kamar yadda nake yi wa wayoyin mutane kullum. Na so a ce fanel ɗina na farko ya fita ba faci, bai yiwu ba.

Na kunna. Talabijin ta yi baƙi, ta tsaya cak. Sanda a hagu, sanda a dama, ɗigo fari a tsakiya. Na danna Start a tsohon hannun nan, ɗigon ya tafi.

Ban san na yi kabbara da ƙarfi ba sai da Umma ta ce in yi a hankali mutane sun kwanta. Ɗan Yaya ya matso har hancinsa na taɓa gilashi, ya ce, "Ina kalar? Ina 'yan ƙwallon?" Na ce babu. Ya taɓe baki, ya karɓi hannun wai ya gwada sau ɗaya. Na'ura ta ci shi biyar da nema. Ya ce a sake. Ana cikin na huɗu uban ya ce ba haka ake riƙewa ba, kawo ka gani, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, yatsunsa suka koma inda suke shekara ashirin da suka wuce. Maɓallin ƙasa yana maƙalewa, kuma Yaya ya rantse tun a wancan zamanin haka yake, shi ya sa nake cin sa. Ƙarya yake yi, na hagu ne ke maƙalewa.

Baba ya shigo yana son jin labarai, ya tsaya a bayansu da carbi a hannu, bai ce a tashi ba. Da ya gaji da tsayuwa ya tambaye ni ko abin nan ba zai ƙona masa talabijin ba. Na ce ba zai ƙona ba. Ya ce to, a bar shi a haɗe.

Ruwan ferik ɗin na juye a galan na rubuta GUBA da manyan baƙaƙe, na ɗora can saman katangar sito inda yara da awaki ba sa kaiwa, don yanzu cike yake da narkakken jan ƙarfe, ba na zubarwa a kwata ba ne, balle kusa da rijiya. Umma ta gano robarta. Ta ce ba ta son ta, sabuwa take so, mai murfi, kuma kafin Litinin. Gobe in na dawo daga Muda Lawal da robar zan biya wa Baba mai guga da fanel ɗin. Ban yanke ba tukuna ko zan nuna masa jamfar.